Tsaron Narkakken Dutse In Ya Doshi Gari

Wanda ya tashi a Kazaure ko Roni ba ya bukatar a gaya masa abin da a ke kira dutse. Tun yana yaro ya ke hawansa, ya kora awaki a kansa, ya ga an fasa shi an yi harsashin ɗaki. A wurinmu dutse shi ne misalin abin da ba ya motsi. Saboda haka in malami ya tsaya gaban yara ya ce musu akwai ƙasashen da dutse ke narkewa ya malalo kamar talge, ya ci gona ya ci gida, sai su ɗauka tatsuniya ya ke yi musu da rana tsaka. Alhali kuwa abin gaskiya ne, kuma ba a bangon duniya kaɗai ya ke faruwa ba, ga shi nan a maƙwabta, a ƙasar Kamaru. Nufin wannan darasi shi ne mu san ko mene ne narkakken dutse, mu kuma san yadda a ke tsaronsa in ya doshi gari, don a san lokacin da ya kamata mutane su tashi.

Asalin Abin

Masana sun auna sun ga in an haƙa ƙasa, gwargwadon zurfi gwargwadon zafi. A kowace kilomita guda zafi ya kan ƙaru da wajen digiri 25 zuwa 30. Can ƙarƙashi, a waɗansu wurare, duwatsu su kan yi zafi har wani sashe nasu ya narke. Narkakken nan bai kai sandararren nauyi ba, ga shi kuma cike da iska, saboda haka kullum neman hanyar sama ya ke yi. In ya sami tsaga sai ya biyo ta, ya fashe ƙasa ya fito da toka da hayaƙi da tartsatsi. Wurin da ya saba fitowa shi a ke kira dutse mai aman wuta.

Zafin irin wanda ke malala ya kan kai digiri 1,100 zuwa 1,200. Don ku gane girman wannan, ku tuna ruwa yana tafasa a digiri 100, tukunyar alminiyum tana narkewa a 660, jan ƙarfe kuwa a 1,085. Babu ice ko kwano ko katifa da za su tsaya a gabansa.

Iri biyu ne. Akwai mai ruwa-ruwa, wanda in ya huce bayansa ya kan yi santsi da lanƙwasa kamar an jera igiyoyi. Akwai kuma mai kauri, wanda ke tafe yana ture garwashin duwatsu a gabansa, in ya huce sai ka ce kashin maƙera aka tara tuli. Mutanen tsibirin Hawai suna kiran wannan na biyu a'a, sunan kuwa ya yi daidai da amsar da za ka bayar in an ce ka taka shi ba takalmi. Saurinsa ga abu uku ya ke: kaurinsa, da gangarar ƙasar da ya ke bi, da yawan abin da bakin dutsen ke fitarwa. Ku riƙe waɗannan ukun, gama duk aikin masu tsaro a kansu ya ke.

Dutsen Kamaru

Dutsen nan yana bakin teku, tsayinsa ya zarce mita 4,000, watau ƙafa 13,000 da 'yan kai. Daga Senegal har Kamaru babu wanda ya kai shi. A jikinsa garin Buea ya ke, a gindinsa kuma ga Limbe, wadda a da a ke kira Biktoriya, da Tiko da Ekona da Idenau. Kada ku yi mamakin abin da ya sa mutane suka taru a gindin wuta. Tsohon narkakken dutse in ya ruɓe ya kan zama ƙasa mai albarka ƙwarai, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. A Debunsha, yamma da dutsen, a kan sami wajen milimita 10,000 a shekara, mu kuwa namu ba ya kai 1,000. Don haka gonakin ayaba da kwakwar manja da roba da shayi suka kewaye shi. Hausawa fatake da mahauta ma sun daɗe da zama a kudancin Kamaru, suna da unguwanninsu a Duwala da Yawunde da Kumba.

Daga cikin shekarun da ya yi amai akwai 1909, 1922, 1954, 1959, 1982, 1999 da 2000. A 1909 Jamusawa ke mulkin ƙasar, hedkwatarsu tana Buea, tsoro ya sa suka kwashe ofisoshinsu zuwa Duwala na ɗan lokaci. A 1922, shekarar da Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, narkakken dutse ya gangara yamma ya ratsa gonaki har ya faɗa teku kusa da Bibundi. A 1959 ya doshi Ekona, ya tsaya gab da garin. A waɗannan shekaru biyu tare da Nijeriya a ke mulkin wannan yanki, sai a 1961 ya haɗe da Kamaru. Bayan aman 1982 aka ga zama haka ba zai yiwu ba, a 1984 aka kafa ma'aunan girgizar ƙasa kewaye da dutsen, ofishin masu duba su yana Ekona.

Labarin Bakingili

A ƙarshen watan Maris na 1999 ƙasa ta yi ta girgiza a Buea da kewaye, har bangwayen gidaje suka tsage. Ran 28 ga wata da dare dutsen ya fashe ta gefen kudu, can sama. Bayan kwana biyu wani baki ya sake buɗewa ƙasa da na fari, daga wannan ne mai kaurin nan ya fito ya kama gangara, ya nufi teku ta wajen wani ƙauye na masunta da manoma, sunansa Bakingili.

Sannu ya ke tafiya. Ya ci daji, ya shiga gonakin kwakwar manja yana kayar da itatuwa yana binne su. Da ya iso fili saurinsa ya ragu har ya zama 'yan mitoci kaɗan a sa'a, mutum ya iya tsayawa a gefe yana kallo. Amma sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Masana na ofishin Ekona da malaman Jami'ar Buea suka yi ta bin gabansa suna aunawa. Toka kuma ta dami mutane a ido da ƙirji. Da aka ga inda ya dosa, hukuma ta kwashe ɗaruruwan mutanen Bakingili ta kai su Tiko. Ran 15 ga Afrilu ya hau hanyar mota da ta haɗa Limbe da Idenau ya datse ta, kaurinsa ya kai wajen mita 10, watau ya fi soro mai hawa biyu tsayi. Bayan 'yan kwanaki ya tsaya cik, saura 'yan ɗaruruwan mitoci ya faɗa teku. Ƙauyen ya tsira, mutane suka koma gidajensu, daga baya aka karkatar da hanyar ta kewaye tulin.

Ku duba lissafin. Ya yi tafiyar fiye da kilomita 10 cikin kwana 16, tafiyar da mai jaki zai gama kafin hantsi. Wannan jinkiri shi ne rahamar da ke cikin abin, gama ya ba da damar a duba, a yi shawara, a ɗauki tsofaffi da yara tun hanya tana buɗe.

Yadda A Ke Tsaronsa

Tsaron yana farawa tun wuta ba ta fito ba. Da fari a kan saurari ƙasa. Narkakken dutse in yana tasowa sai ya fasa duwatsun da ke kan hanyarsa, kowace fasawa kuwa ta kan haifar da 'yar girgiza, yawancinsu mutum ba ya jin su. Ma'aunin girgiza na da wani nauyi ne a rataye, da alƙalami a jikinsa. In ƙasa ta motsa takarda ta kan motsa tare da ita, nauyin kuwa ya yi jinkiri, sai alƙalami ya yi zane. Na yanzu da lantarki su ke aiki, suna aika labari ofis nan take. Kowace girgiza tana aiko da motsi iri biyu, mai sauri da mai bi masa baya, tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna nisa. Daidai ya ke da walƙiya da tsawa: in ka ƙirga daƙiƙa uku tsakaninsu ka san kilomita guda ce. Ma'auni guda nisa kaɗai zai faɗa, amma in an haɗa uku a wurare dabam-dabam sai a san wurin sosai. In aka ga girgizar tana yawaita, tana kuma matsowa sama, to, abu ya kusa.

Na biyu, a kan auna kumburin ƙasa. Dutsen da ke cika ya kan kumbura yadda ƙullun waina ke tashi a kwano, sai dai nasa kaɗan ne, ido ba ya gani. Akwai na'urori da a ke kafawa a jikinsa masu nuna karkata, akwai kuma taurarin ɗan'adam da ke iya gane tashin ƙasa ko da na 'yan santimita ne. Da girgiza da kumburi aka gane haɗarin da ke kan garin Girindabik a ƙasar Aisilan, aka kwashe mutanensa, wajen 3,700, ran 10 ga Nuwamba 2023, wuta ba ta fito ba sai ran 18 ga Disamba.

Na uku, a kan auna hayaƙi, musamman mai warin farar wuta. In ya ƙaru, alama ce sabon narkakke ya matso kusa da baki.

In ya riga ya fito ya kama hanya, sai aikin ya koma ga tambaya biyu: ina ya nufa, kuma yaushe zai iso? Amsar ta farko a taswira ta ke. Narkakken dutse yana bin inda ruwa ke bi, watau kwari da kwazazzabo, saboda haka masu tsaro su kan ɗauki taswira mai nuna tudu da gangare su zana hanyoyin da zai iya bi. Amma fa ya bambanta da ruwa a wuri guda. Gefunansa su kan huce su zama ganuwa, gabansa ya kan sandare ya toshe wa kansa hanya, sa'an nan na baya ya taru ya fasa gefe ya kama wata hanya sabuwa. Taswirar jiya ba lalle ta yi aiki yau ba.

Amsar ta biyu da turaku da agogo a ke samunta. A kan kafa turke a gaban malalar, a auna tazara, a rubuta lokaci, a dawo a ga sa'ar da ta cinye shi. Yanzu a kan yi haka da jirgi mai saukar ungulu da ƙananan jirage marasa matuƙi da na'urar ɗaukar hoton zafi, amma lissafin ɗaya ne, ɗan aji uku ya iya shi. Misali, a ce tsakanin gaban malala da gidan farko mita 600 ne, an kuma ga tana cin mita 25 a sa'a. Raba 600 da 25, ka sami 24, watau saura kwana guda. To, in akwai gangara a gaba saurin ya ninka, sai ya zama sa'a 12. Wanda ya auna da safe ya tafi ya kwanta da wannan lissafi ya yaudari kansa ya yaudari gari. Dole a riƙa maimaita awo safe da yamma.

Ga wani abu da ya kan ruɗi mutane. Bayan malala ya kan huce ya yi ɓawo baƙi, a ga kamar ta mutu, alhali a ciki wuta tana gudu cikin rami kamar ruwa a bututu, ɓawon nan kuwa shi ke hana ta hucewa. Don haka tsayawar gaba ba ita ce ƙarshe ba, sai an duba bakin an ga ya daina zuba. Mutanen garin Pahowa a Hawai sun ga haka. Malalar da ta fito ran 27 ga Yuni 2014 ta yi wata huɗu tana rarrafe kafin ta iso gefen garin, ta ƙone gida guda a watan Nuwamba, gabanta ya tsaya, amma ta yi ta fasa gefe a bayan gari har watan Maris na 2015. Duk tsawon watannin nan masana suna aunawa, hukuma tana sanar da mutane ta rediyo.

Mai awo kuma yana da ƙa'idojin tsare ransa. Ba ya tsayawa cikin kwari a gaban malala, daga gefe ya ke zuwa, iska tana bayansa don kada hayaƙi ya shaƙe shi. Ba ya hawa ɓawon da bai tabbata ba. Ya kan nisanci inda ta ke cin ciyayi, don iskar da ke taruwa a ƙarƙashi ta kan fashe, ya kuma nisanci inda ta ke faɗawa teku, gama tururin wurin guba ne.

In Mai Ruwa-Ruwa Ne

Kada labarin Bakingili ya sa ku zaci kullum a kan sami kwanaki. A gabashin Kwango akwai dutsen Nyiragongo, a bakinsa akwai tafki na narkakken dutse mai ruwa-ruwa ƙwarai, ga birnin Goma a gindinsa. Ran 10 ga Janairu 1977 gefen dutsen ya tsage, tafkin ya zube cikin ƙasa da sa'a guda, yana gudu kamar mota, ya halaka mutane da yawa a ƙauyuka. Ran 17 ga Janairu 2002 ya ratsa tsakiyar Goma, ya rufe sashen filin jirgin sama, ya faɗa tafkin Kibu. Fiye da mutum 300,000 suka gudu, yawancinsu zuwa Ruwanda, fiye da 100 suka mutu. Ran 22 ga Mayu 2021 ya sake zubowa, ma'aunai ba su nuna alama ba sai da ya rage ƙasa da sa'a guda. Ya tsaya a gefen birni, duk da haka fiye da mutum 30 suka rasu, da yawansu wajen gudu cikin duhu da haɗarin mota. A irin wannan wuri shirin da aka yi tun da sauran kwana shi ke ceto: kowa ya san hanyar da zai bi, ya san inda zai haɗu da iyalinsa.

Ko Ana Iya Tare Shi?

An gwada. A 1669 dutsen Etna na tsibirin Sisili ya doshi birnin Kataniya. Waɗansu mazaje suka lulluɓe jikinsu da jiƙaƙƙun fatu, suka ɗauki sandunan ƙarfe suka fasa gefen malalar don ta karkata. Ta kuwa karkata, amma sai ta nufi garin Paterno. Mutanen Paterno suka fito da makamai suka kore su, ɓarakar ta toshe, wuta ta koma hanyarta ta shiga Kataniya. A 1935 jiragen sojan Amurka sun jefa bamabamai kan malalar dutsen Mauna Lowa don ceton garin Hilo. Ta tsaya bayan 'yan kwanaki, amma masana da yawa sun ce ko ba bam da ma ta kusa tsayawa. Wanda aka fi yabawa shi ne na tsibirin Heimaye a Aisilan. Ran 23 ga Janairu 1973 ƙasa ta tsage a bayan gari, cikin dare guda jiragen masunta suka kwashe mutane fiye da 5,000. Sa'an nan aka yi watanni ana fesa wa gaban malalar ruwan teku da manyan famfuna har ya sandare. Gidaje wajen 400 suka halaka, amma tashar jiragen ruwa, wadda ita ce abincin garin, ta tsira. A Girindabik ganuwar ƙasa da duwatsu aka gina, ta karkatar da yawancin malalar, ko da ya ke a Janairu 2024 wata tsaga ta buɗe a cikin ganuwar ta ƙone gidaje uku.

Kun ga ke nan a kan iya jinkirta shi ko a karkatar da shi, da kuɗi mai yawa da sa'a, amma ba a kashe shi. Kuma wanda zai karkatar da wuta daga gidansa ya fara tambaya gidan wa za ta nufa.

Faɗar Magana

Awo ba shi da amfani sai ya isa kunnen mai gida. Nan ne wuyar aikin ta ke. In an ce mutane su tashi da wuri, su bar gona da dabbobi, sa'an nan wuta ta tsaya, gobe in an sake faɗa sai su yi kunnen ƙashi. In kuma an jinkirta, hanya ta datse da mutane a baya. Maganin wannan shi ne a faɗi gaskiya yadda ta ke, kullum a lokaci guda, daga baki guda, da harshen da mutane ke ji, ta hanyar waɗanda suka amince da su, watau hakimi da dagaci da liman. A ce musu ga inda ta ke yau, ga saurinta, in ta kai wuri kaza za mu tashi. Wanda aka gaya wa haka tun da wuri, in ranar ta zo ba ya gardama.

Ina Ruwanmu?

Duwatsun Kazaure da Roni ba irin masu amai ba ne. Suna cikin tsofaffin duwatsun ƙasar nan, shekarunsu sun wuce miliyan 500, kowa ya kwana da hankalinsa. Amma Nijeriya ba ta rasa alamun tsohuwar wuta ba. A ƙasar Biu akwai tuddai masu rami a ka, tafkin Tila ma a bakin tsohon dutse mai aman wuta ya ke, haka kuma a wajen Panyam da Kerang a Filato. Ran 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos a Kamaru, wanda shi ma bakin tsohon dutse ne, ya saki iska mai shaƙewa cikin dare, ta kashe mutum wajen 1,700 da dubban shanu. Ruwan wannan tafki kogin Katsina-Ala ya ke gangarowa, tsoron ɓallewarsa yana cikin abin da ya sa aka gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga ku 'yan'uwa da za ku fita koyarwa a Gwiwa ko Babura ko wani wuri, wannan darasi ba ya bukatar kayan Turai. Ku sa yara su tara tudun laka su yi masa kwari, su jera tsakuwoyi a gindi a matsayin gidaje, su kafa tsinkaye a hanya. Ku tsiyaya koko daga sama, wani yaro yana ƙirga, sa'an nan ku tsiyaya kunu mai kauri. Su da kansu za su ga aikin kauri da gangara, su ga yadda gaba ke tsayawa gefe ya fashe. Daga nan ku kai su ga abin da ke gabanmu, gama namu narkakken dutsen ruwa ne. Ambaliyar 2022 ta ci gidaje da gonaki da rayuka a Jihar Jigawa. Yaron da ya koyi kafa sanda a bakin rafi, ya rubuta tsayin ruwa safe da yamma, ya san inda zai bi in ya cika, ya kuma san wanda zai gaya wa, ya koyi aikin da masanan Ekona ke yi. Allah ya kiyashe mu da wuta da ruwa, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.